Zuciya Ba Ta Toho: Maganin Nano Da Aikin Da Ke Gabanmu A Birnin Kudu Da Gwaram

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, a wannan fitowa muna so mu jawo hankalinku zuwa ga wani sabon fanni na ilmin magani wanda labarinsa ya fara yawo a jaridu da gidajen rediyo, watau dabarar ɗora magani a kan waɗansu 'yan mitsitsin ƙwayoyi da ake kira ƙwayoyin nano, domin su kai shi har cikin zuciyar da ta lalace a gyara ta. Wani zai ce, ina ruwan mutumin Birnin Kudu ko na Gwaram da abin da ake yi a ɗakunan binciken Amurka da Ingila? Ra'ayinmu shi ne da ruwansa ƙwarai, amma ba ta fuskar da masu zumuɗi suke zato ba. Wannan ilmi gaskiya ne, akwai kuma alamar alheri a cikinsa, sai dai har yanzu bai fito daga ɗakin gwaji ba. Babban darasin da ya koya mana tun yanzu kuwa shi ne, magani komai kyansa ba ya amfani sai ya isa inda ciwo yake. Masana suna fama da yadda za su isar da shi daga jijiya zuwa tsokar zuciya. Mu kuwa muna fama da yadda za a isar da shi daga ɗakin maganin asibiti zuwa ɗakin mai jego a Fagam ko Kila. Wannan na biyun shi ne ya rataya a wuyanmu.

Bari mu fara da ita zuciyar kanta. Tsoka ce wadda ba ta fi dunƙulen hannu girma ba, tana bugawa wajen sau 100,000 kowace rana, tun mutum yana cikin mahaifa har ranar da zai cika. Fata idan ta yanke takan haɗe. Ƙashi idan ya karye, maɗori ya ɗora shi, yakan kama. Hanta ma ko an yanke wani sashe nata takan sake tohowa. Zuciya ba haka take ba. A shekarar 2009 masana a Cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin suka auna shekarun ƙwayoyin tsokar zuciyar ɗan Adam, suka gano cewa a jikin mai shekara 25, kashi 1 cikin 100 ne kurum ke sabuntuwa a shekara, in mutum ya kai 75 kuwa abin ba ya kai rabin haka. Watau fiye da rabin ƙwayoyin da mutum zai mutu da su a zuciyarsa, da su aka haife shi. Idan jijiyar da ke ciyar da zuciya ta toshe, cikin 'yan sa'o'i ƙwayoyi har miliyan 1,000 suna iya mutuwa, jiki kuwa ba ya mayar da su, sai dai ya cike gurbinsu da tabo. Tabon nan yana hana bangon zuciya fashewa, amma ba ya matsewa, balle ya tura jini. Sauran tsokar da ta rage sai ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfinta, ta yi ta buɗewa tana saki, har ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Wannan shi ne likitoci ke kira gazawar zuciya.

Abin da ya ƙarfafa wa masana gwiwa shi ne, ba kowace halitta ce haka take ba. A 2002 aka nuna cewa wani ɗan kifi mai ratsi-ratsi da ake kiwo a ɗakunan bincike yakan sake gina zuciyarsa cikin wata 2 ko da an yanke wani yanki nata. A 2011 kuma aka nuna cewa jaririn ɓera mai kwana 1 shi ma yakan yi haka, amma da zarar ya cika kwana 7 sai wannan baiwa ta ɓace. Daga nan masana suka ɗauka cewa ikon tohowa bai mutu ba, barci yake yi, kuma in an aika wa ƙwayoyin zuciya saƙon da ya dace, mai yiwuwa ne a tashe shi. To, amma irin wannan saƙo ba shi da ƙwari. Da ya shiga jini sai jini ya narkar da shi. In kuwa aka watsa shi ko'ina cikin jiki, ƙwayoyi suka kama hayayyafa ba kan gado, an gudu ba a tsira ba ke nan, domin haka ciwon daji yake farawa. Saboda haka tilas a sami mazubin da zai tsare saƙon, ya kai shi inda ake so kaɗai.

Wannan mazubi shi ne ƙwayar nano. Idan aka raba mita 1 gida miliyan 1,000, kowane gida shi ne nanomita 1. Kaurin silin gashin kai yakan kai wajen nanomita 80,000, ƙwayar nano da ake zuba magani a cikinta kuwa wajen nanomita 100 ce, watau sai an jera guda 800 kafin su ƙetare faɗin gashi ɗaya. Yawanci da maiƙo ake yin ta, kamar 'yar jaka, magani yana ciki, a bayanta kuma ana iya manna wata alama wadda za ta sa ta kama wata irin ƙwayar jiki ta ƙyale sauran. Kwatancinta shi ne wasiƙa cikin ambulan mai adireshi. Ba kuwa yau aka fara ba. A 1995 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Doxil, wani maganin ciwon daji da aka naɗe cikin irin wannan jaka ta maiƙo. Shi maganin da ke ciki an daɗe da sanin yana lahanta zuciya, naɗewar da aka yi masa ta rage wannan lahani. A 2020 alluran rigakafin cutar korona na kamfanonin Pfizer da Moderna suka fito, su ma saƙon halitta ne da ake kira mRNA a cikin ɗigon maiƙo, kuma sun iso Nijeriya a 2021. Wanda aka yi wa irinsu ya riga ya karɓi ƙwayar nano a damtsensa. Ba na'ura ba ce, ba ƙarfe ba ce, kamar yadda masu jita-jita suka riƙa yaɗawa. Maiƙo ne wanda jiki ke narkarwa bayan ya sauke kayansa. A 2023 aka ba Katalin Karikó da Drew Weissman lambar yabo ta Nobel saboda aikin da ya share fagen waɗannan allurai.

Game da zuciya kuwa, gwajin da ya fi jan hankali shi ne wanda masana a Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka suka bayyana a watan Janairu na 2022, da shi Weissman a cikinsu. Sun ɗauki ɓeraye suka hau musu da jini da gangan har zukatansu suka cika da tabo. Sa'an nan suka yi musu allura ɗaya ta ƙwayoyin nano waɗanda adireshinsu yake nufin wani rukuni na sojojin garkuwar jiki da ke cikin jini. Saƙon da ke ciki ya umurci sojojin nan su nemo ƙwayoyin da ke saƙa tabo fiye da kima su kawar da su. Tabo ya ragu, bugun zuciya ya gyaru. Bayan 'yan kwanaki kuma saƙon ya shuɗe, sojojin suka koma yadda suke. Wannan shuɗewa ba aibu ba ce, ita ce ma cikar dabarar. A 2019 waɗansu masana na Italiya da Landan sun aika wa zukatan aladu saƙon tohowa ta hanyar ƙwayar cuta da aka horar. Cikin wata 1 zukatan suka farfaɗo sosai, amma da yake saƙon ya ƙi tsayawa, bugun zuciya ya rikice, mafi yawan aladun suka mutu farat ɗaya. Manzon kirki shi ne wanda ya isar da saƙo ya juya.

Lalle ne kuma mu faɗi cikas ɗin da ke gaba, don kada murna ta koma ciki. Na farko, mafi yawan ƙwayoyin nano da aka zuba cikin jijiya hanta da saifa ne ke tsince su, domin aikinsu ke nan, tace baƙon abu daga jini. A 2016 masana a Jami'ar Toronto ta Kanada suka tattara gwaje-gwajen shekara 10 da aka yi a kan dabbobi masu ciwon daji, suka tarar a tsakaicin lissafi abin da ke isa wurin ciwon bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da aka zuba ba. Na biyu, zuciya ba ta zama wuri ɗaya, jini kuma yana ratsa ta da gudu. Na uku, ɓera ba mutum ba ne, kuma magunguna da yawa sun warkar da ɓeraye sun kāsa a jikin mutane. Na huɗu, tsada da wahalar ajiya. Allurar Pfizer da farko sai a sanyin da ya kai digiri 70 ƙasa da sifiri ake adana ta. Saboda haka muna faɗa da babbar murya, babu wani maganin nano da hukumomin magunguna suka amince a riƙa ba mutane domin sake gina tsokar zuciya. Duk mai motar lasifika da ya tsaya a kasuwar Sara ko tashar Birnin Kudu yana tallar kwalba da sunan nano mai wanke zuciya, aljihun talaka yake so ya wanke.

To, yanzu mu dawo gida mu tambayi kanmu, mene ne yake lalata zukatan mutanenmu? Galibin binciken nano an gina shi ne a kan toshewar jijiyar zuciya, wadda ita ce ta fi addabar Turai da Amurka. A 2012 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a kan marasa lafiya 1,006 masu gazawar zuciya a ƙasashen Afirka 9, har da Nijeriya. Hawan jini ne ya jawo wajen kashi 45 cikin 100, ciwon da ke cinye ƙofofin zuciya ya jawo wajen 14, toshewar jijiya kuwa ba ta kai 8 ba. Tsakaicin shekarunsu 52 ne, watau magidanta da iyaye mata masu ƙarfi a jika, waɗanda iyali ke dogara da su. Hawan jini ba ya sallama. Yakan shekara da shekaru yana kaurara bangon zuciya yana cika shi da tabo, mai shi kuwa yana noma yana cin kasuwa bai sani ba. Binciken da aka yi a ƙasar nan ya nuna kusan mutum 1 cikin manya 3 yana da shi. Abin lura a nan shi ne, ɓerayen Fensilbaniya irin wannan tabo aka sa musu, wanda ya nuna cewa ilmin nano yana iya fuskantar irin namu ciwon, in an juya akalarsa zuwa can.

Akwai kuma wani ciwo wanda ƙasar Hausa ta yi suna da shi a littattafan likitanci na duniya, watau gazawar zuciya ta masu jego. Mace za ta haihu lafiya, a yi suna, bayan 'yan makonni sai ta fara haki, ƙafafu su kumbura, tari ya hana ta barci, ta kasa kwanciya a miƙe sai a jingine. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Farfesa Parry, suka yi nazarinsa suka buga a 1978, inda aka kimanta cewa yakan sami wajen mace 1 cikin 100 da suka haihu a wannan yanki. Su a lokacin sun ɗora laifin a kan wankan jego, da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da yawan shan kunun kanwa. A 2007 wani bincike a Sakkwato ya sami 1 cikin haihuwa 102. Daga 2017 kuma Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranci wani babban bincike a asibitoci da dama na ƙasar nan, aka buga sakamakonsa a 2020. A Kano an sami 1 cikin haihuwa 96, wanda yana cikin mafi yawa a duniya. Cikin matan da aka bi sawunsu fiye da shekara guda, kusan 1 cikin 5 ta rasu, waɗanda zuciyarsu ta koma daidai kuwa ba su kai 1 cikin 4 ba.

Wannan bincike na baya bai sami alaƙa tsakanin ciwon da wankan jego ko kunun kanwa ba. Abubuwan da ya nuna da yatsa su ne rama da rashin abinci mai gina jiki, da rashin ilmin boko, da rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki. Haka kuma nazarin Kano ya tarar da ƙarancin wani sinadari da ake kira seleniyam a jinin yawancin matan, abin da aka riga aka gani a Yamai ta Jamhuriyar Nijar tun 1992. Ƙasar Sin ma ta taɓa fama da wani ciwon zuciya mai kashe yara da mata a gundumar Keshan, wanda aka danne shi a shekarun 1970 ta hanyar raba wa jama'a wannan sinadari. Wani ɗan ƙaramin gwaji da aka yi a kan masu jego a nan arewa ya nuna alamun ciwon sun ragu ga waɗanda aka ba shi, abin da ke kiran a yi babban gwaji. Kada dai wani ya ruga kemis ya saya wa matarsa, domin yawansa guba ne. Kada kuma a ɗauka an wanke kanwa sarai. Gishiri ce mai tara ruwa a jiki, mace mai hawan jini ko mai raunin zuciya ba ta dace da ita ba. Darasin dai shi ne, shekara 40 ana zargin kakanninmu mata da tukunyar wankansu, sai da ɗan ƙasa ya zauna ya ƙirga da kyau sa'an nan aka ga talauci da yunwa sun fi su hannu a ciki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Birnin Kudu da Gwaram suna cikin Jihar Kano har zuwa 27 ga Agusta 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Zanen iyaka bai sauya abincinmu ba, bai sauya al'adarmu ta jego ba, bai kuma sauya shekarun da ake aurar da 'yan matanmu ba, alhali binciken nan ya nuna mai jegon da ba ta kai shekara 20 ba ta fi shiga haɗarin mutuwa in ciwon ya kama ta. Har ila yau ya nuna cewa waɗanda suka dage da shan maganin da ke sassauta bugun zuciya sun fi tsira. Wannan magani ba na nano ba ne, tsohon magani ne mai araha. Haka ma ciwon da ke cinye ƙofofin zuciya, asalinsa ciwon maƙogwaro ne da ke kama yara 'yan shekara 5 zuwa 15, wanda in ba a yi maganinsa ba garkuwar jiki takan juya ta afka wa zuciya. Maganinsa fenisilin ne, wanda aka gano tun 1928. Yaron da ciwon ya riga ya taɓa, allurar fenisilin duk mako 3 ko 4 takan hana shi ƙaruwa. Hawan jini kuwa awonsa ba ya cin minti 5, maganinsa kuma ƙwaya ce da ake haɗiya kullum. Ashe mafi yawan tabon da masana ke neman dabarar gogewa, muna da abin hana shi fitowa tun jiya.

Me ya hana shi isa? Ba mu rasa gine-gine ba. A Birnin Kudu akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya, akwai Kwalejin Koyon Aikin Jinya da Ungozoma. A Dutse akwai Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni, ga kuma Kano da manyan likitocin zuciya. Amma mai jego da ke wani ƙauye a bayan Basirka ko Zandam, kusa da iyakar Jihar Bauchi, tsakaninta da waɗannan wurare akwai shinge da yawa. Sai an fara gane cewa hakin nan ciwo ne, ba gajiyar haihuwa ba, ba kuma iska ko sammu ba. Sai maigida da surukai sun yarda ta fita kafin ta yi arba'in. Sai an sami kuɗin mota, in damina ce kuma sai rafi ya ba da hanya. In an isa ɗakin shan magani, sai an tarar da malamin asibiti da na'urar awon jini mai aiki. In an rubuta magani, sai an iya sayensa wata bayan wata, ba a sha na mako 2 a bari don kumburi ya saɓe ba. A kowane shinge ana zubar da wani kaso na marasa lafiya, kamar yadda hanta ke tsince ƙwayoyin nano a hanya. Bambancin shi ne, ita hanta halitta ce, shingayen nan kuwa mutane ne suka kafa su, mutane kuma za su iya cire su.

Wani zai ce, in haka ne sai mu watsar da zancen nano mu bar wa masu shi. Ba mu yarda da wannan ba, saboda dalilai 3. Na farko, wanda ya yi tambaya shi ake ba amsa. In babu 'ya'yanmu a ɗakunan bincike, babu mai tambayar yadda wannan dabara za ta taimaki zuciyar mai jego ko ta yaron da ƙofofin zuciyarsa suka lalace, kuma babu mai damuwa da ko maganin zai jure zafin bazara a garin da wutar lantarki ba ta tsayawa. Na biyu, duk sabon magani sai an gwada shi a jikin mutane, wata rana kuwa masu gwajin za su ƙwanƙwasa ƙofarmu. Ba mu manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da aka gwada maganin Trovan na kamfanin Pfizer a Kano cikin wani gwaji da ya ƙunshi yara 200, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a a kan batun neman yardar iyaye, har aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Raunin da wannan ya yi wa amana ya taimaka wajen ƙin allurar shan-inna a 2003. Maganin wannan ba rufe ƙofa ba ne. Maganinsa shi ne a sami namu masana waɗanda za su karanta takardar gwaji su gane ta, su fassara wa uba da uwa da Hausa, su ce a'a inda ya kamata. Na uku, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu ɗalibai, musamman 'yan asalin wannan yanki da ke Jami'ar Tarayya ta Dutse da Bayero da Ahmadu Bello da sauransu. Masu karatun kimiyyar sinadarai da haɗa magunguna su san cewa ƙwayar nano daga fanninsu ta fito, kada su ɗauki darasinsu kamar hadda ta cin jarrabawa kawai. Masu zaɓen batun kundin kammala digiri su dubi gida: yawan masu hawan jini a mazaɓa ɗaya, yawan seleniyam a ƙasar noma da hatsin Gwaram, yawan kanwa da gishiri da magi da ke shiga tukunyar gida guda, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana. Masu nazarin Hausa su taimaka a samar da kalmomin da ungozoma za ta yi bayani da su a gane. A lokacin hutu kuma, ƙungiyoyin ɗaliban Birnin Kudu da Gwaram su haɗa kuɗi su sayi na'urorin awon jini, su nemi jagorancin ma'aikatan lafiya da izinin hakimai da dagatai, su zauna a bakin kasuwa su auna jama'a kyauta, duk wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 a tura shi asibiti a sake dubawa. Kowane ɗalibi kuma ya koya wa matan gidansu alamun nan 4 na mai jego: haki, kumburin ƙafa, tarin dare, da kasa kwanciya a miƙe. Wadda ta nuna su, ba a jira arba'in.

Ga matasan ma'aikata kuwa, ku ne jijiyoyin da magani ke bi. Akawun da ya bar fayil ɗin sayen magani ya kwana wata guda a tebur, ya sani akwai wadda numfashinta ke jiran sa hannunsa. Mai kula da rajistar asibiti ya rubuta sunan ciwo da shekaru da gari daidai, domin daga irin wannan rajista aka gano abin da aka gano a Zariya da Kano, kuma yankin da ba shi da lissafi ba a tunawa da shi ranar rabo. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kula da lafiya a matakin farko. Haƙƙin ma'aikaci ne ya san nawa ya iso ɗakin shan maganin mazaɓarsa, ya kuma tabbata ya koma magani da na'ura, bai narke a hanya ba. Muna kuma tuna wa gwamnatoci alkawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001, na ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Muna roƙon a sa awon jini cikin kowane awon ciki da kowace ziyarar bayan haihuwa, a wadata ƙananan asibitoci da fenisilin da maganin hawan jini, a kuma horar da ma'aikatan da za su iya amfani da na'urar hoton zuciya a kudancin Jigawa, don kada kowace mai haki sai an kai ta Kano kafin a san abin da ke damunta.

Muna fatan ranar da likita a Birnin Kudu zai zuƙi ƙwayoyin nano a sirinji ya goge tabon zuciyar manomi, kuma muna fatan a cikin waɗanda suka haɗa maganin a sami ɗan Gwaram ko 'yar Kiyako. Amma wannan rana tana buƙatar majinyacin ya rayu har ya gan ta, tana kuma buƙatar hanyar da magani zai bi ya iske shi. Masana can sun ɗauki nasu rabon aikin, suna ta faɗuwa suna tashi. Namu rabon ba ya bukatar na'urar miliyoyi. Yana bukatar ƙafa, da alƙalami, da riƙon amana. Hutu yana tafe. Kowa ya tambayi mahaifinsa da mahaifiyarsa yaushe rabon da a auna musu jini, in amsar ba ta gamsar ba, ya kama hannunsu ya kai su.